Ranar da Motar Asibiti Ta Kaɗe Rigar Alhaji

Har yanzu ban manta da wata Asabar ta lokacin kaka ba, ranar da muka fita da motar asibitinmu kan wata ƙaramar hanyar kwalta tsakanin Roni da Gwiwa, domin a raba gardamar wane direba ne zai riƙe makullinta. Ku da kuka shigo aiki bayanmu kuna yawan tambayata, kuma na lura kowa yana ba da labarin da irin nasa ƙarin gishiri. Gara in rubuta shi yadda ya faru.

A lokacin ni ne jami'in sufuri na wani shiri mai kula da lafiyar mata masu juna biyu. Ofishinmu yana Kazaure, amma aikinmu ya haɗa da Roni da Gwiwa da Babura. Jami'in sufuri shi ke kula da motoci da direbobi, shi ke rubuta wanda ya fita da lokacin da ya dawo, kuma in mota ta yi haɗari shi ake fara kira kafin a kira bakanike. Sama da ni akwai shugaban ofis, Alhaji Nasidi, wanda bai cika wata uku da zuwa ba. Motar asibiti guda ɗaya muke da ita. Ita ke ɗauko mace daga ƙaramin asibitin ƙauye in naƙuda ta yi gardama, ta kawo ta babban asibiti.

Direbanta shi ne Baba Haladu, mutumin Kanya Babba, babban direba mai shekara ashirin da takwas a kan sitiyari, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Bai taɓa kaɗe ko kaza ba. Sai dai a ofis an yi masa laƙabi da Sai Gobe, domin ko ya kunna jiniya, allurar maleji ba ta wuce sittin, in hanya ta yi kyau sosai ta leƙa saba'in. Masu babur sukan wuce shi su ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga musu.

Sai ga Sabi'u. Shekararsa talatin da 'yan kai, ya daɗe yana jan motar haya tsakanin Babura da Kano kafin a ɗauke shi ƙaramin direba a wurinmu. A tasha ana kiransa Walƙiya, kuma shi da kansa ya kawo mana sunan, don kada mu sha wahalar neman wani. Wata rana ya kai Alhaji taro, suka tashi a makare suka isa kafin a buɗe da addu'a. Tun daga ranar Alhaji ya ga direba.

Ranar Litinin Alhaji ya kira ni ofishinsa.

"Malam Ubale, motar asibiti aikinta sauri ne ko ba sauri ba?"

"Ranka ya daɗe, aikinta ta isa."

"To, ta isa da sauri. Haladu ya tsufa. A ba Sabi'u makulli, shi kuma a mayar da shi gadin sito har ya yi ritaya."

Wanda bai yi aikin sufuri ba zai ɗauka wannan sauyin wurin aiki ne kawai, tunda albashi bai taɓu ba. A wajen direba ba haka ba ne. Direban da aka karɓe wa makulli ba tare da laifi ba, aka zaunar da shi kan benci yana buɗe wa na bayansa ƙofa, an gama da shi a idon 'yan'uwansa. Baba Haladu ya ji labarin tun kafin in fito daga ofis, domin a wurinmu magana ba ta jiran takarda. Na same shi yana goge gilashin motar. Ya ce, "Malam Ubale, tayar baya ta hagu tana son iska, a gaya wa wanda zai karɓa."

Ƙaramin ma'aikaci ba ya ce wa shugabansa a'a. Abin da yake yi shi ne ya nemo ƙa'ida. Na koma na shaida wa Alhaji cewa dokar ofishinmu ba ta yarda a sauya direban motar asibiti ba sai an yi gwaji, an cike takarda, shugaba ya sa hannu. Wannan gaskiya ne. Alhaji ya ji daɗin maganar fiye da yadda na zata.

"Madalla. A yi tsere. Kowa ya tashi daga wuri ɗaya, ka riƙe agogo, wanda ya riga isa shi ke da mota."

Na ce takardar tana da sashe biyu da ba su da alaƙa da tsere. Na farko, saurin motsin direba in ya ga abu. Na biyu, tsayawar gaggawa. Ya ce a yi duka, amma agogon nan sai an riƙe shi.

Ranar Laraba muka yi na farko a ofis. Gwaji ne mai sauƙi. Ka riƙe rula a tsaye tsakanin yatsun mutum, ka sake ta ba tare da sanarwa ba, a ga inda ya cafke. Sabi'u ya cafke ta tun kafin ta yi nisa, sau biyar a jere, na ƙarshe ma yana kallon taga. Da aka zo kan Baba Haladu, na saki rula, ta wuce yatsunsa, ta faɗi ƙasa, ta yi ƙara. Ya dube ta, ya dube ni.

"Au, har an saki?"

Ofis ya kwashe da dariya. A karo na biyu ya kama ta a can ƙarshe, da kyar. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka gani? Takardarka ce ta faɗa, ba ni ba." Na rubuta abin da na gani, domin ba a ɗauke ni aiki don in yi wa rula ƙarya ba. Ni na nemo gwajin don in ceci Baba, ga shi gwajin ya fara da danne shi.

Na yi ƙoƙarin yi wa Alhaji bayani. Kafin in shigo wannan aiki na yi 'yan shekaru ina karanta sanarwa a gidan rediyo, kuma a can ne na san tsawon daƙiƙa, domin shiru na daƙiƙa biyu ya isa a ƙwanƙwasa maka gilashin ɗakin watsa shiri. Na ce masa tsakanin ido ya ga abu da ƙafa ta sauka kan birki akwai ɗan lokaci, ko da mutum ya kai kowa zafin nama, kuma a cikin wannan lokacin mota ba ta jira. Mai gudun sittin tana cin kusan mita goma sha bakwai a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun ɗari da goma tana cin kusan talatin. Duk wannan kafin birki ya fara aikinsa, kuma in gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi.

"Wannan lissafin allo ne, Malam Ubale," in ji Alhaji. "Direba ƙafa ce. Mu haɗu ranar Asabar."

Ga yadda na shirya gwajin na biyu. Na nemi izinin mai unguwar wurin, ya ba ni 'yan sintiri biyu suka tare hanya ta kowane ɓangare, tsawon kilomita uku. A tsakiya, bayan kwalbati na biyu, akwai bishiyoyin darbejiya biyu suna fuskantar juna. Na ɗaure igiya tsakaninsu, sama da tsayin mota, na rataye mutum-mutumi na buhu da aka cusa wa kara, na ɓoye shi bayan bishiyar dama. In na ja wata igiyar daga nesa, sai ya zamo zuwa tsakiyar titi kamar mai tsallakawa. Taku hamsin kafin bishiyoyin na ajiye alama a gefen hanya. Da zarar gaban mota ya kai alamar, zan ja. Direbobin an gaya musu wani abu zai fito, ba a gaya musu ina ba. Kowa zai yi irin gudun da zai yi in ya ɗauko mara lafiya.

Sista Rabi, babbar ungozomarmu, ita na roƙa ta tsaya gefen hanya ta lura da fitilun birki, ta ajiye dutse daidai inda suka kama. Da farko na so ta zauna a bayan mota kamar yadda take yi a bakin aiki.

"Da wa? Da Sabi'u?" ta ce. "Na hau motarsa sau ɗaya daga Babura. Da muka iso, sai da na tambayi mutane ko nan ne Kazaure ko nan ne lahira. Ba ni dutsen."

Saura wanda zai kwanta a gadon mara lafiya, domin ƙa'ida ta ce a yi gwajin da nauyin mutum a baya. Nan aka yi cirko-cirko. Masinja ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma yana so ta ci gaba da zama haka. Bakanike ya ce mahaifiyarsa ta hana shi kwanciya a gadon da ba nasa ba. Ba wanda ke son ya kwanta a gadon asibiti da ƙafarsa, kada ya kira wa kansa abin da bai zo ba.

"Camfi!" in ji Alhaji. "Ma'aikatan lafiya da camfi! Ni zan kwanta."

Ya tuɓe babbar rigarsa, shadda ce shuɗiya mai aiki fari a wuya, wadda duk inda ya je taro a yankin da ita aka san shi. Ya cire hula, ya miƙo mini duka biyun. Sai idonsa ya kai kan mutum-mutumin.

"Wannan ai buhu ne. Wa zai taka birki don buhu? Sa masa rigata da hulata. Ina so in ga direban da zai iya kaɗe ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rigar mai tsada ce."

"Shi ya sa. Sa masa."

Muka sa masa. Gaskiya ta karɓe shi. Daga nesa, in iska ta ɗan kaɗa hannun rigar, sai ka rantse Alhaji ne yake shirin jawabi. Direbobin suna can wurin tashi, ba su ga wannan ba. Bakanike ya kai motar can, Sista ta bi su don ta ɗaure Alhaji da bel uku na gadon. Ya ce shi ba ragon layya ba ne. Ta ce a motarta ko wane ne sai an ɗaure shi, ta ja bel ɗin ƙirji har sai da ya yi tari. Ta kuma ɗora kwanon ruwa a kan ɗan teburin da ke gefen kansa, ta ce da shi ake gane direban da ke tausayin mai naƙuda. Sannan ta dawo a babur ta kama wurinta.

Baba Haladu ya fara, da misalin ƙarfe goma na safe. Mun ji jiniya tun daga nesa, muka yi ta jin ta, har Sista ta zauna a kan kwalbati. Can sai ga shi. Gaban motar ya kai alama, na ja igiya, Alhajin buhu ya fito tsakiyar titi. Na ƙirga a zuciyata, ɗaya, har na kusa biyu, sannan jar fitila ta kama. Motar ta yi ƙugi ta tsaya. Muka auna. Daga alama zuwa dutsen Sista taku ashirin da shida. Daga dutse zuwa inda ta tsaya taku ashirin. Saura taku huɗu tsakanin gaban mota da rigar.

Baba ya leƙo ta taga, ya dubi mutum-mutumin da kyau, ya ce, "Ranka ya daɗe, a riƙa duba hanya."

Muka buɗe baya. Ruwan kwano ya ɗan zuba kaɗan. Alhaji kuwa barci ne ya ɗauke shi a hanya, birkin ne ya tashe shi. Ya tambayi agogo, na faɗa masa, ya yi tsaki.

"Da mace ce, da ta haihu ta yaye."

Baba ya juya da motar don ya kai wa Sabi'u, tare da umarnin kada ya ce masa komai. Daga baya na ji cewa bai bi umarnin ba. Da yake miƙa makulli ya rage murya ya ce, "Ɗana, bayan kwalbati na biyu akwai mutum, ka sassauta." Wannan mutumin da ake shirin mayarwa gadin sito ke nan, yana gaya wa mai neman kujerarsa amsar jarrabawa. Sabi'u kuma ya yi lissafin tasha. Ya ce a ransa tsoho yana so ya rage masa gudu ne don agogo ya ci shi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ni ƙafata ba ta neman shawara."

Wannan karon ba mu jira ba. Jiniya da motar kusan tare suka iso. Sista ta miƙe ta ja da baya har cikin gona. Gaban motar ya kai alama, na ja igiya.

Dole in yi wa Sabi'u adalci a nan. Ƙafarsa ta yi abin da ya yi alkawari. Ban gama cewa ɗaya ba fitila ta kama. Tayoyi suka yi kururuwa, hayaƙi ya tashi. Amma motar ba ta san an taka mata birki ba tukuna. Ta iso bishiyoyin da sauran gudu mai yawa, ta ɗauki Alhajin buhu, ta tsinke igiyar da ya rataya da ita, ta wurga shi sama. Rigar ta buɗe a iska kamar za ta tashi, ta faɗa cikin gonar gyaɗa. Hular ta bi titi tana gangarawa ita kaɗai. Motar ta ci gaba da jan taya har ta tsaya can gaba, a karkace.

A nan kuskurena ya fito fili. Na tare hanya gaba da baya, amma na manta da mutanen da ke cikin gonaki. Lokacin cirar gyaɗa ne, kowace gona da mutanenta. A zuwan farko sun hango mota ta tsaya a gaban wani mai shuɗiyar riga, suka ci gaba da aikinsu. Yanzu kuwa sun ga rigar da suka sani tana juyi a sama. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta rafka salati. Wani ya yi ihu, "An kaɗe Alhajin asibiti!" Nan da nan sai ga mutane ta kowace kusurwa, da fartanya a hannu, don ba wanda ya tsaya ajiye tasa.

Ina ɗaga hannu ina cewa, "Jama'a, buhu ne! Gwaji ne!" Muryar da na yi shekaru ina gyarawa ba ta yi mini amfanin komai ba.

Sabi'u ya buɗe ƙofa ya fito. Ya dubi hular a kan titi. Ya dubi mutane da fartanya. Sai ga murya daga cikin motar, a shaƙe, tana kiran sunansa.

"Sabi'u! Sabi'u! Ka kashe ni!"

Direbobin haya suna da ƙa'idarsu da ba a rubuta ba, in ka kaɗe mutum jama'a suka taso, ka fara tsira da ranka, bayani daga baya. Sabi'u ya zubar da takalmi ya faɗa cikin dawa. Mun ga kan dawar yana kaɗawa a layi ɗaya har ya ɓace.

Kashi ɗaya na mutanen suka yi wajen rigar, kashi ɗaya suka yi wajen motar. Ni da Sista muka riga su isa, muka buɗe ƙofar baya. Alhaji yana nan a ɗaure yadda aka bar shi, bel uku sun riƙe. Kwanon ruwan ya juye masa a fuska, kwanon kuma yana kife a ƙirjinsa. Takalminsa ɗaya yana gaban mota, ban san ta inda ya bi ba. Idonsa a buɗe, bakinsa yana motsi, yana karanto duk abin da ya zo masa.

Wani dattijo da ya iso yana haki ya leƙa, ya ga Alhaji kwance a gadon asibiti, an ɗaure shi tsaf, har an yayyafa masa ruwa. Ya ja da baya ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Shekarata saba'in ban taɓa ganin aiki da sauri irin wannan ba. Ta kaɗe shi ta gaba, ta kwantar da shi ta baya!"

Sista Rabi ta zauna a bakin ƙofar motar, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Alhaji ya ce a kwance shi. Ta ce sai ta gama duba shi, ƙa'ida ce. Ta ɗauki lokacinta.

Masu neman gawa kuwa suka dawo da riga a hannu, kara yana zubowa daga wuyanta. Sai da mai unguwa ya iso ya yi bayani sau uku kafin mutane su yarda cewa Alhaji ɗaya ne, kuma shi ne wannan mai singileti. Da aka gane, dariya ta ɓarke har wasu suka zauna a kan kwalta. Aka tura mai babur ya bi bayan dawa ya nemo Sabi'u. An same shi kusa da wata rijiya, yana tambayar hanyar ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Da aka kawo shi na tambaye shi, "Kai da idonka ka ga an ɗaure Alhaji a bayan motarka. Ta yaya zai kasance a gabanka?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Malam, ido ne ya ga Alhaji. Kafin hankali ya iso, an gama."

Na ce wa Alhaji kafin mu tashi ina so ya taka titin da ƙafarsa. Ya zo, ƙafa ɗaya da takalmi. Muka fara daga alama. Zuwa dutsen da Sista ta ajiye wa Sabi'u taku ashirin da huɗu. Dutsen Baba yana nan gaba da shi da taku biyu kacal, kusan kafaɗa da kafaɗa. Alhaji ya tsaya yana kallon duwatsun.

"Yaya haka? Ai ƙafar yaron nan ta ninka ta Haladu sauri. Mun gani da rula."

"Ta ninka, ranka ya daɗe. Gudunsa ma ya kusa ninka na Baba. Abin da ƙafa ta samo, totur ya cinye."

Muka bi baƙin layin da tayoyi suka zana. Muka wuce inda Baba ya tsaya. Muka wuce bishiyoyin. Alhaji yana ƙirgawa da bakinsa, muryarsa tana raguwa. Daga bishiyoyin zuwa inda motar ta tsaya, taku arba'in da ɗaya. Na tambayi Sabi'u nawa allura ta nuna. Ya ce ɗari da goma ya gani na ƙarshe, bayan nan bai duba ba.

Alhaji ya juya wajen Baba Haladu, wanda ya iso a bayan babur yana riƙe da takalman Sabi'u.

"Haladu, ka san ƙafarka ta yi sanyi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na riga rular nan sani da shekara goma. Shi ya sa nake ba ta fili ta iso."

Sai Alhaji ya tuna da wayarsa. Ya laluba aljihun wandonsa, ya laluba ɗayan, sannan ya dubi rigar da ke hannun mai unguwa. Wayarsa tana cikin aljihunta. Aka ciro ta, gilashin ya yi raga-raga, ba ta ko numfashi. A daidai lokacin tawa wayar ta yi ƙara. Maƙwabcin Alhaji ne daga Kazaure. Wani daga cikin manoman ya kira ɗan'uwansa tun rigar tana sama, ɗan'uwan ya kira wani, labari ya isa gidan Alhaji. Hajiya ta kira wayarsa sau goma a kashe. Yanzu haka, in ji maƙwabcin, mata sun cika tsakar gida, ana ta fito da tabarmi ƙofar gida.

Na miƙa wa Alhaji wayar. Ya ce, "Ni ne! Ni ne Nasidi! Ban mutu ba!" Aka ba Hajiya. Mun ji muryarta daga inda muke tsaye. Ta ce ita ba za ta yarda da murya ba, an sha yi wa mutane irin wannan don a kwantar musu da hankali, sai ta gan shi da idonta.

Sabi'u ya ga dama ta samu ya gyara sunansa. Ya matso, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, a ba ni makulli. Kafin su gama shimfiɗa tabarmin nan na ajiye ka a ƙofar gida."

Ban taɓa ganin mutum yana sauri kamar Alhaji a wannan lokacin ba. Ana zaman makokinsa, kowane minti yana ƙara mutum biyar a ƙofar gidansa. Ya dubi Sabi'u. Ya dubi baƙin layin da ke kan kwalta. Ya zare makulli daga jikin motar da kansa, ya miƙa wa Baba.

"Haladu, kai ni gida."

Ya shiga gaba, ya ja bel ya ɗaura ba tare da kowa ya ce masa ba. Ni da Sista da Sabi'u muka shiga baya. Mun yi nisa kaɗan wayata ta sake ƙara, aka ce liman ya iso. Ta ƙaramar tagar da ke tsakani na ji Alhaji ya ce, "Haladu, ko za a ɗan ƙara?"

"Ranka ya daɗe, su can sun riga sun yi kukan. In mun isa lafiya, asarar hawaye kawai suka yi."

Alhaji ya gyara bel ɗinsa, ya bar Baba da sittin ɗinsa har Kazaure.

Ranar Litinin na kai masa takardar gwaji. Ya karanta sashe na farko, inda Baba ya faɗi, ya karanta na biyu, ya nemi inda zan rubuta sakamakon agogo, na nuna masa cewa takardar ba ta da gurbinsa. Ya sa hannu. Baba Haladu ya riƙe makulli har ranar ritayarsa. Sabi'u kuma aka ce ya zauna a gefensa wata shida a matsayin direba na biyu. Ya sha wahalar watan farko, Sista ta ce tana ganin ƙafarsa tana taka totur ɗin da babu a ƙasan kujerar fasinja. Da Baba ya tafi, shi ya gaje shi, kuma ya riƙe motar shekaru ba tare da na rubuta rahoton haɗari ko ɗaya ba.

Abin da na koya a ranar shi ne, a aikin tuƙi kowa yana alfahari da ƙafarsa, kuma mafi yawansu ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ƙafa, komai zafinta, ba ta fara tafiya sai ido ya gani, hankali ya yarda, kuma duk tsawon wannan lokacin motar tana hannun gudun da ka zaɓa tun kafin abin ya fito. Mai tsallaka titi ba ya amfana da saurin ƙafarka, yana amfana da filin da ka bar masa. Na kuma koyi cewa direban da ya san gazawarsa ya fi wanda ya san gwanintarsa kawai amfani a bayan sitiyari. Saboda haka in an kawo muku sabon direba, kada ku tambaye shi minti nawa yake yi daga Babura zuwa Kazaure. Ku tambaye shi taku nawa yake buƙata ya tsaya. In ya ce shi nan take yake tsayawa, ku riƙe makullinku.